Maganin Gwaggo a Bakin Sajan

Gwaggo, yayar babanmu, ba ta taɓa kiran karenmu da sunansa ba. Mu muna ce masa Sajan, ita kuwa "wancan abin". Idan ya shinshini bokitinta, ranar sabulu ya shiga uku, ta wanke ta sake wankewa tana mita. Shi ya sa da abu ya lalace ita na fara zargi, kuma ko wa aka sa a matsayina ita zai zarga.

Aikin Gwaggo a duniya jinya ne, ba a asibiti ba, a cikin dangi. Duk wanda ya kwanta ita ake aika wa, ta ƙulle zannuwanta ta tare a gindin gado. Ta yi jinyar kakarmu, ta yi ta mamata, ta yi ta mijinta da ciwon daji ya cinye a hannunta. Ta iya juya mara lafiya ba tare da ya farka ba, ta iya cusa ƙwaya a cikin loma don mai gardama. Abin da ta tsira da shi gwiwoyi ne da suka ƙi lanƙwasuwa, sai ɗakin kusa da kicin a gidanmu, sai kwalbar maganin ciwon gwiwa a kan taga.

Da ƙafar Sajan ta gaba ta kumbura, likitar dabbobi ta ce ciwon daji ne a ƙashi. Ba warkewa zai yi ba, sai dai a rage masa zafi. Ta ba ni ƙwaya, ta ce lallai da abinci, kuma idan na ga amai ko baƙin kashi in garzayo. Na bi maganarta sak. Da farko har wutsiya yake kaɗa min.

Sai amai ya fara. Kullum na dawo daga shagon ɗinkina in tarar ya yi a bayan tankin ruwa, kwanonsa cike bai taɓa ba. To wa ke gidan da rana? Gwaggo kaɗai. Ga wani sabon salo da ta ɗauko: kowace safiya ta leƙo kicin ta ce, "Ya mai jiki?" Gaisuwar da ake yi wa mutum, wai ita ake yi wa kare! Na ce a raina, lallai ma matar nan, ba'a take min. Sai in ce "lafiya ƙalau" a daƙile, in ci gaba da abin da nake.

Ranar da na tsinci guntun dafaffiyar hanta a kan buhun da yake kwanciya, na ɗauka na jujjuya shi. Ni ban dafa hanta ba. Na kira Yaya, babban wana, a waya ina huci.

"Ki ji tsoron Allah," ya ce. "Gwaggon?"

"Ita fa. Wallahi in na kama ta, ka zo ka kwashi kayanta. Ba zan zauna da mai sa wa dabba guba ba."

Washegari na fita kamar kullum, da azahar na zagayo ta ƙofar baya na laɓe a bayan shanya. Sajan na kwance yana wani nishi ƙasa-ƙasa da ban taɓa ji ba. Can sai ga ta tana dafa bango. Matar da a kan kujera take salla, ita ce ta durƙusa har ƙasa tana cije leɓe. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro farar ƙwaya, ta danna a cikin hanta.

"Gwaggo! Me kike ba shi?"

Ko firgita ba ta yi ba. "Rage murya, kin tayar masa da hankali. Maganin gwiwata ne."

Na kwashe su su biyu sai wurin likita, har da kwalbar, don a yi ta a gabanta. Likitar ta duba kwalbar, ta ɗaga leɓen Sajan ta kalli dadashinsa, ta girgiza kai.

"Mama, wannan na mutane ne. Shi kaɗai ma yana iya huda cikin kare, balle an haɗa da wanda nake ba shi. Saura kaɗan."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. "Naku ɗin ba ya kai shi la'asar," ta ce. "Nishin da yake yi, irin na marigayi maigidana ne. Ni kunnena ba ya iya ɗauka."

"Ai da kin faɗa, da an daɗe da gyara maganin."

"Na tambaya mana." Ta juyo ta dube ni. "Kullum sai na ce ya mai jiki, ta ce min lafiya ƙalau. Ni ce zan ƙaryata mai kare?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona, sai na kafa shi a kan kwalbar. Ta kusa ƙarewa. A nan na tuna tun yaushe Gwaggo ta koma dafa bango, ni kuma na ce tsufa ne, ashe nata rabon take ba shi.

Likitar ta dakatar da ƙwayar gaba ɗaya, ta ba shi maganin tsayar da amai da wanda zai lulluɓe masa ciki, ta ce farar shinkafa da dafaffiyar kaza kaɗan-kaɗan. Da cikin ya lafa ta sauya masa maganin zafi. Ciwon yana nan, ba inda ya je, amma yana barci, yana ci.

Yaya ya kira yana tambaya ko ya zo kwasar kaya. Na ce ya zo da sabuwar kwalbar maganin gwiwa, ya kuma rufe min baki.

Yanzu Sajan ba ya karɓar ƙwaya sai daga hannun Gwaggo. Ta ba shi, ta je ta wanke hannu da sabulu tana mita yadda ta saba. Yau da safe ta leƙo kicin ta ce, "Ya mai jiki?" Na ajiye ludayi na faɗa mata komai, har yadda ya kwana. Sannan na ce, "Ke fa, Gwaggo, ya gwiwar?"

Ta kalle ni kamar ba ta gane yaren ba. Shekarunta nawa a gindin gadon mutane, ashe ba wanda ya taɓa juyo mata da tambayar.

"Da sauƙi," ta ce. "Miƙo shinkafar wancan abin."