Waƙar da Ta Fi Ƙarfin 'Yan Amshi

A rumfar mai shayi a Kwanar Dangora, inda nake jiran motar Doguwa ta cika, ga wani mutum rungume da jita kamar an ba shi riƙon jariri. Zai yi shekara hamsin, gemu ya sha baƙin rini. Faratan hannunsa na dama zaƙo-zaƙo, na hagu kuwa an yanke su tas. Da littafi a kan gwiwarsa, yana kaɗawa, yana rubutawa, yana sokewa.

Waƙar da daɗi, ta begen wata Ramla ce. Sai dai ya ɗora ta a wani matakin sauti da ba maƙogwaron da ke kaiwa. 'Yan acaɓa biyu sun gwada amshi, ɗaya ya shaƙe, ɗaya ya ɓige da tari.

"Malam, ka ɗan sauko da ita mana," in ji mai shayi.

"Inda kowa ke kaɗawa? Allah ya sawwaƙe! Shekara tara na yi ina neman sautin nan."

Ina jin ita ma Ramlar ta gwada amshin, ta gaji, ta kama gabanta.

Sai ga wata dattijuwa mai fura tana sauke ƙwarya. Ta ɗauki waƙar da muryar da take daka da ita, nan take rumfar ta amsa baki ɗaya.

Mutumin ya ɗaure fuska, ya kau da kai wajen titi. Ni dai hannunsa na hagu nake kallo: yatsun suna sulalowa a hankali a wuyan jitar, suna bin muryar mai fura.