Farin Zanen Kaka

Har yau in na buɗe akwati ƙanshin kafur ya buge ni, sai raina ya ɓaci. Farin zanen kakata yake tuna mini, da 'ya'yanta biyu masu ilimi.

A Salaga muke a ƙarshen shekarun tamanin, mu 'yan tsirarun Kirista a gefen zango. Kaka ta taso daga Bawku da tsufanta. Shekara biyu tana zama a bencin baya a coci tana saurare, sai wata rana ta ce tana son baftisma. Ta sayi farin zane, na wanke mata da bula, ta ninke shi a akwati da kafur. Ƙafafunta da hannuwanta sun riga sun fara kumburi, kowa yana gani.

Babana dattijon coci ne. Ƙanensa, baffana, mai wa'azi ne a Yendi, shi zai yi mata baftismar. Ya zo da damina, lokacin sabuwar doya. Abin da ya tsaya musu a wuya shi ne munduwar tagulla da ke hannun Kaka, wadda aka sa mata a wurin tsafin gidansu tun tana budurwa.

Baba ya ce mutum ne ke zaɓar bangaskiya, sannan Allah ya ba shi sabuwar haihuwa, don haka sai ta cire da hannunta. Baffa ya ce matacce ba ya zaɓe, Allah ne ke zaɓar nasa ya raya zuciya tukuna, kuma in tana cikin zaɓaɓɓu za a ga alama. Kwana huɗu suna ƙarƙashin darbejiya suna jifan juna da ayoyi. Mama ta daka sakwara, su cinye, su wanke hannu, su ɗora daga inda suka tsaya. Wallahi daɗin musun suke ji, abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan.

Ni kuwa kowace safiya man kaɗanya nake shafa wa hannun Kaka, muna ja har fata ta saɓule. Munduwar ta nutse a cikin kumburi, ba ta fita. Na je in gaya wa Baba, ya ce manya na magana. Ita da kanta ta rarrafo bakin ƙofa ta ce, “Yarana, abin nan ya ƙi fita. Ku kira maƙeri, ku sa ni ruwa.”

Baffa ya ce, “To, Mma, muna zuwa.” Ko waiwayowa bai yi ba.

Ya koma Yendi a kan sai bayan girbi. Kaka ba ta kai girbi ba. Ranar wankan gawa Mama ta aika aka kira maƙerin bayan gidanmu, Musulmi ne, ya datse munduwar yana yi mana ta'aziyya. A farin zanen nan aka naɗe ta. Kafin a gama tura ƙasa na ji Baba da Baffa a bayana, ƙasa-ƙasa, suna musun ko ta sami ceto.

Yanzu a rediyo da waya ake wannan gardamar, jikokina ma sun iya ta. Ban bar coci ba, kuma ban san wanda ke da gaskiya a cikin su biyun ba. Munduwar tana nan a akwatina, a rabe gida biyu. Wani lokaci nakan fito da ita in duba inda aka datse. Maƙerin ko zama bai yi ba ya gama aikin.