Tsibirin da 'Yata Ba Ta Taka Ba

A unguwar Utaibiyya ta Makka muke lokacin, muna haya a gidan wata baiwar Allah da nake kira Yaya. Ita haifaffiyar Makka ce, 'ya'yanta da na ƙaninta duk suna da takarda. Mu kuwa ba iƙama, wato takardar zama, 'yata mai shekara tara ba a rubuta sunanta ko'ina ba. Bai fi shekara biyu da yin shelar hana sayar da bayi a ƙasar ba.

Akwai wani mai kifi da yake kawo mana talla daga Shu'aiba, bakin Bahar Maliya. Hausarsa ta Kano ce tsaf, amma sau biyu ina tambayarsa unguwarsu yana dariya: "Hajiya, ai ni ɗan ruwa ne." Shi kuwa ya taɓa tambayata, yana feɗe kifi, ko yarinyar tana cikin fasfona. Na ce masa ruwana yana kan wuta.

Wata rana ya ce zai kai mu mu ga teku, mata da yara, a motarsa, kyauta. Ya yi ta zuba: rairayi fari kamar gari, ruwa garau har kana ganin murjani a ƙasa, da ɗan tsibiri inda kunkuru ke hawa su yi ƙwai. Ya ce a bayan tsibirin 'yan fashin teku suke ɓoye jiragensu a zamanin da, su tare alhazai.

Yara suka hau tsalle, ni kuwa na tuna yadda muka zo ƙasar. Yaya ba ta taɓa ƙetare ruwa ba, ni na ƙetare. Daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin muka shigo a sambuk, jirgin katako, muna kwance kamar buhuna. Da muka kusa gaɓa matuƙan suka ce ruwa ya yi ƙasa, a fara sauke yara a kwalekwale. Wata 'yar Damagaram ta miƙa nata biyu. Har muka iso Makka tana tambayar mutane ko sun gan su. Wannan ba zamanin da ba ne, a idona aka yi.

Maigidana ya ce mu je, yarinya ta sha iska. Muka je.

Bai yi ƙarya ba, wurin yana da kyau. Na tsoma ƙafa, ƙananan kifaye masu ratsin rawaya suka kewaye ni. Har na fara jin kunyar zargina. Sai da hantsi ya jawo kwalekwale ya ce, "Yalla, yara tukuna. In na ɗauki manya duwatsun murjani za su fasa shi. Zan dawo muku."

Na kwance bakin mayafina na ɗaure a wuyan hannun 'yata, yadda muke yi a ɗawafi in cunkoso ya yi yawa.

"Umma, mene ne haka?"

"Zauna kusa da ni."

Yaya ta kwashe da dariya. "Ke dai baƙauya ce wallahi! Nan Harami ne? Sake ta mana, ga nawa bakwai sun shiga."

"Ruwa yana sa ta amai, Yaya."

"Yaushe ta taɓa shiga da har kika sani?"

Mai kifin ya zo ya durƙusa gaban yarinyar. "Hajiya, mafi mushkila, ba matsala, a gabana zan zaunar da ita." Na ce na gode, Malam, wata rana. Ya daɗe yana kallon ɗaurin kafin ya tashi.

Kwalekwalen ya sha kwanar tsibirin, ya ɓace. 'Yata tana kuka a hankali, Yaya tana soya kifi tana waƙa. Ni ina tsaye, ina tunanin abin da zan ce mata in nata ba su dawo ba, tunda na sani na yi shiru.

Kafin azahar suka dawo. Na ƙirga, bakwai cif, hannuwansu cike da kwanson teku. Bai kuma yi zancen kai manya ba, ya ce iska ta juya. Babbar 'yar Yaya ta ce sun tarar da wani jirgi a bayan tsibirin, mutanen ciki sun ba su dabino, ɗaya ya tambayi mai kifin da Larabci, "Su ke nan duka?"

Na dubi Yaya. Ta ce, "Masunta ne mana. Dabino yake rabawa, ba zai tambaya ba? Kin dai ci fuskar bawan Allah."

Wataƙila haka ne. Har yau ban sani ba, kuma in na zalunce shi Allah ya yafe mini.

A bayan mota 'yata ta juya mini ƙeya. Can ta ce, "Umma, kin sa ana yi mini dariya." Na ce na sani. Ta ce in kwance ta, hannunta yana ciwo. Na sassauta ɗaurin kaɗan, amma ban kwance ba sai da muka sauka a ƙofar gida.