Naman da Inna ta ƙi dafawa

Shekarun baya, lokacin da na yi haihuwar fari, muna zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Landover, mahaifiyata ta taso daga Funtuwa ta zo yi mini jego. Zuwanta Amurka na farko ke nan, kuma shi ne na ƙarshe.

Inna 'yar mahauta ce. A gidan da ta tashi, nama ake gani tun safe har yamma. Ko bayan ta yi aure, duk layya a zuri'armu ita ke zama a tsakar gida da wuƙarta ta rarraba, ta ce wannan na suya ne, wannan na dambu, wancan a kai wa maƙwabta. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ta danna tsoka da babban yatsa za ta faɗa maka ko dabbar tsohuwa ce. Ni kuwa harhaɗa magunguna na karanta, aikina kullum karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba. A lokacin, gaskiya, kaina ya ɗan yi girma. In dai abu na da takarda manne a jikinsa, to a wurina magana ta ƙare.

Ana gobe suna, maigidana ya tafi gona wajen yankan rago, amma mun san rago ɗaya ba zai ishi jama'a ba. Sai wata ƙawata 'yar Kumasi, wadda ke aikin kula da tsofaffi, ta haɗa mu da wani mutum mai kawo nama a mota har ƙofar gida. Ya kawo kwali biyu, kowane yanki a ledarsa, an liƙa farar takarda mai cewa naman sa ne, halal, har da ɗan hoton wata da tauraro. Ni da na gani sai na ji daɗi, na ce ka ga aikin tsafta.

Mata sun cika kicin, ƙawayena huɗu ko biyar, ana yankan albasa ana hira. Inna ta farka leda ɗaya, ta ɗaga naman zuwa taga, ta shinshina, ta murza kitsen tsakanin yatsunta. Sai ta ajiye.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana. Ta ce, "Ke, zo nan. Wannan ba naman sa ba ne."

Na ce, "Haba Inna, na mene ne to?"

Ta ce, "Dubi jansa ya yi duhu. Dubi kitsen, ruwan ɗorawa ne, kuma yana narkewa a hannu. Kitsen sa ba ya haka. Na doki ne. Na taɓa ganinsa sau ɗaya ina yarinya, ranar da babanmu ya kori wani daga rumfa a kansa."

Ƙawata da ta kawo mai naman ta sunkuyar da kai. Ni kuma ga gajiya, ga ciwon ɗinki, ga baƙi gobe, sai na ji kamar Inna ta tozarta ni a gaban mutane. Na ɗauko ledar na nuna mata takardar, na ce nan ba kasuwar ƙauye ba ce, nan ƙasa ce mai doka. Ta ce ita dai ba za ta dafa wa mai jego abin da ba ta yarda da shi ba. A nan ne bakina ya kufce. Na ce, "Inna, ke da ba ki iya karatu ba, ki bar mana abin da aka rubuta mana."

Wallahi har yau in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi faɗa ba. Ta je famfo ta wanke hannunta da sabulu a hankali, ta goge da gefen zanenta, ta ce, "To. Allah ya ba ki haƙuri." Ta ɗauki jaririyar ta shiga ɗaki.

Ƙawayena suka dafa. Ranar suna kowa ya ci yana santi, wani ma ya ce naman nan har wani zaƙi-zaƙi gare shi. Inna ta raɗa mini cewa ko kowa zai ci, ni kada in ci, ga na rago nan. Ni kuwa sarkin taurin kai, na zuba na cika faranti na ci a gabanta.

Ta ƙarasa mini arba'in ɗina ba ta fasa komai ba. Ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta goya jikarta tana zagaya falo. Abu ɗaya ne ya canza, ba ta sake buɗe firiza ba. In za a yi miya sai ta ce in ciro naman da kaina, tunda ni na san na kirki. Na ɗauka gatse ne, na share. Da bizarta ta kusa ƙarewa muka raka ta filin jirgi, ta sa mana albarka ta tafi.

Bayan wata biyar ƙawata ta kira ni ina wurin aiki. Ta ce hukuma ta kama mutumin nan. Ashe takardun a gidansa yake bugawa, kuma da aka gwada naman, na doki ne ya fi yawa a ciki. Tana kuka tana cewa, "Mama ta faɗa, Mama ta faɗa mana."

Kun san me na fara yi? Malami na kira. Na ce mun ci naman doki, mun ciyar da jama'a. Ya ce a mazhabarmu ana guje masa, amma wanda ya ci bisa rashin sani babu laifi a kansa. Na yi ajiyar zuciya, na ce alhamdu lillahi, wai ni a dole matsala ta wuce. Wadda ya kamata in fara kira ban kira ta ba.

Kuma ba wai ba ma magana ba ne. Duk Juma'a sai mun yi waya. Ta tambayi jikarta, ta tambayi sanyi, in tambayi ƙafarta. Sau da yawa maganar takan zo mini har baki, sai in haɗiye. In ce wannan ba ta waya ba ce, sai na je gida na durƙusa a gabanta. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, da girman kai. Haka shekara ta wuce, ta biyu ta kama.

Wata Talata da rana ƙanena ya kira. Zazzaɓin kwana uku ne. Kafin in samu jirgi an riga an kai Inna makwancinta.

Bayan sadakar bakwai muna gyara ɗakinta ni da ƙanwata, na tambaye ta ina wuƙar Inna, ina so in tafi da ita. Ta ce ai tun dawowarta daga wurina ta ba matar ƙanenmu. Layya biyun nan da suka wuce ba ta taɓa nama ba, tana gefe a kan tabarma tana kallo. In an kawo mata ta duba sai ta ce a kai wa masu ido. Na ce saboda me? Ƙanwata ta ce, "Cewa ta yi tsufa ya kama ta, idonta da hancinta sun daina aiki. Wai a can ta ga naman sa ta ce na doki ne, ta ba ki kunya a gaban ƙawayenki. Ta ce ba za ta sake ba wani kunya ba."

Na zauna a bakin gadonta na yi kukan da ban yi ba ranar da aka faɗa mini rasuwar. Ashe ba gatse ba ne. Ta yarda da ni ne. Abu ɗaya da ta sani fiye da kowa a duniya, na karɓe mata shi da takardar da wani maƙaryaci ya buga a ɗakinsa, kuma ina riƙe da gaskiyar fiye da shekara ban mayar mata ba.

Wuƙar tana wurina yanzu, na karɓo ta daga matar ƙanenmu, har mun ƙaura da ita daga Landover zuwa Beltsville. Ɗiyata ta girma, Hausarta sama-sama, in na yi mata magana da Turanci take amsawa. Rannan a kanti ta ga ina danna nama ta cikin leda, ina leƙen kitsen, ta ce me ya sa ba zan karanta takardar kawai ba. Na ce kakarki ce ta koya mini. Ta ce, ita kakar ta iya gane nama da ido? Na ce ta iya, ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Na faɗa wa ƙawayena haka, na faɗa wa 'yan'uwana, yau ga shi na faɗa muku. Ita kaɗai ce ban faɗa wa ba. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta yafe mini.