Bahar ɗin da ake sha

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar matata, Hajja Sa'adiya, Allah ya jiƙanta. Sau biyu na ƙirga da yatsu, domin karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ko a can ɗin ba lissafi ne ya sa malamai suka san ni ba. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Shekara talatin na yi ina tuƙa wayit, wato tankar ruwa, daga unguwar Mahjar zuwa Ruwais a nan Jidda, sitiyari hannuna ya sani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana wata rigima ce da ta tashi a falona, irin wadda da Hajja na nan da kallo ɗaya za ta kashe ta. 'Yarmu Nafisa, ma'aikaciyar jinya, wadda nake ambatar aikinta ko ba a tambaye ni ba, ta zo ranar Juma'a ta ce ta tara hutu, za ta kai ni yawo a jirgin ruwan da ke bin kogi, a kwana a ciki, a ci abinci ana kallon garuruwa suna wucewa. Ban taɓa shiga irinsa ba. Jirgin da na sani shi ne wanda ya ƙetaro da mu daga Sudan, kuma a cikinsa ba gari na kalla ba, ƙasan bokiti na kalla.

Sai jikata Rahaf, 'yar jami'a, mai jin Hausa kamar ta kakarta amma mai mayar da amsa da Larabci, ta buɗe waya.

"Sidi, shuf," ta ce, wato kaka, duba, "wannan ad-Danub, a Turai."

"Ɗan'uba?" na ce. "Kogin da sunansa ɗan'uba za ki ɗora tsoho a kansa? Me na yi miki?"

"Ɗayyib, to, ga wani. Rain."

"Daga ɗan'uba sai raini. Nafisa, 'yarki ta gaji da ni."

Suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Amma ba sunayen ne suka dame ni ba.

Hajja haifaffiyar Maiwurno ce, a bakin Shuɗin Nilu. Mutanenmu na can ba sa ce wa wannan ruwa kogi, bahar suke cewa. A bahar ta yi wanki, daga bahar ta ɗebo ruwan shayi, a bahar ta koyi iyo a ɓoye har aka zane ta. Da muka zo Jidda ta ji kowa yana bahar, bahar, sai ta yi murna ta ce ashe ba ta yi nisa da gida ba. Na kai ta bakin teku. Ta duƙa ta kamfato ta kurɓa, ta tofar, ta dube ni kamar ni na zuba gishirin. "Alhaji, wannan ai miya ce ta lalace." Daga ranar ba ta ƙara kiran tekun Jidda da wannan suna ba, sai dai "ruwan mutanen nan". Ni kuwa da nake dakon ruwan da inji ya tace daga cikinsa, duk lokacin da na dawo gida sai ta ce sannu da zuwa, mai sayar da ruwan da aka yi wa wanka.

A ciwonta na ƙarshe, wata safiya ta buɗe ido ta ce, "A kai ni bahar." Yaranmu duk a nan aka haife su, bahar ɗaya suka sani. Kafin la'asar Nafisa ta nemo keken marasa lafiya, ta yi wa uwarta kwalliya, aka nufi Kornish, wurin shan iska na bakin teku. Hajja ta daɗe tana kallon ruwan. Ta ce masha Allah, ta sa wa kowa albarka. Da yaran suka matsa sayo shayi, ta ja hannun rigata. "Ba a shan wannan, Alhaji. Amma kada ka gaya musu. Iyakar abin da kunnensu ya ji suka yi." Na san abin da take nufi tun da safe, kuma na san jikinta ba zai kai ko filin jirgi ba. Bayan kwana tara ta rasu.

To kun ga inda na tsaya. Ko dai in riƙe alkawari in tafi kan ɗan'uba, tafiyar kogi ta farko a rayuwata, wataƙila kuma ta ƙarshe, ta zama a ruwan da bai san Hajja ba, ko kuma in buɗe baki in ɓata wa Nafisa ranar da ta fi alfahari da ita. Sai na bi hanyar tsofaffi, na shiga kawo uzuri. Na ce sanyi, ta ce da bazara za mu. Na ce gwiwa, ta ce akwai lif a jirgin. Na ce biza da iƙama, wato takardar zama, ta ce wannan aikinta ne. Na ce abincinsu, ta ce za ta ƙunso mini yaji. A nan na ga Hajja sak, domin ita ma ba ta taɓa barin uzurina ya kwana da rai ba.

"Baba," in ji Nafisa, "ka faɗi gaskiya. Ina kake so?"

Na ce, "Bahar."

Rahaf ta ce da Larabcinta, "Sidi, ga bahar nan a bayan gida!"

Na ce, "Wanda ake sha." Daga nan kuma sauran ya zubo, ban iya rufe famfon ba.

Nafisa ta ajiye kofin shayinta. Sannan ta ce, "Shekara bakwai ina gaya wa mutane na cika wa Mama burinta." Na ce kin cika, domin ranar ba ruwa kaɗai ta zauna tana kallo ba, ke ta fi kallo kina gyara mata mayafi. Wannan ba lallashi ba ne, ina wurin.

Rahaf ce ta fitar da mu. Ta jawo taswira a waya, ta ɗora yatsa a Maiwurno, ta bi shuɗin layin zuwa Khartum, ta ci gaba har Masar. Kowa ya san halin da Sudan ke ciki, ba wurin yawo ba ne yanzu, Allah ya kawo sauƙi. Amma ruwan ba ya neman biza. Ta ɗago ta ce da Hausa, Hausar da na shekara ina roƙo, "Ruwan Sitti ne wannan?" Sitti take ce wa kakarta. Na ce shi ne. Sharaɗi ɗaya na gindaya: in a Masar za mu hau jirgin, mu tashi daga Uƙsur mu nufi Aswan, ba akasin haka ba, domin hancin jirgin ya fuskanci kudu, wajen gida. Nafisa ta ce halas, shi ke nan, ta yi hajzi, wato ta kama mana wuri, a take.

Ina tambayar kaina me Hajja za ta ce. Na farko za ta ce bakina ya fi bututun wayit yoyo. Na biyu, in ta ji a saman jirgin akwai wurin wanka, ruwa a kan ruwa, za ta yi dariya har ta riƙe ciki. Na ukun kuma ba za ta faɗe shi ba, amma zan gan shi a fuskarta: 'yar da ta goya a ɗaki ɗaya a Mahjar ce yau take zaɓar wa ubanta kogi.

Hajja ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Ta bar 'ya mai kashe uzuri, da kalma guda wadda yanzu jikarta ta san tana da ruwa biyu. Nafisa ta ce in na kuskura na sha ruwan kogi za ta dawo da ni Jidda a ranar, wai akwai ƙwayoyin cuta. Na gyaɗa kai, na ce na ji. Ban ce na yarda ba. Kofin silbar Hajja yana cikin jakata tun jiya.