Ƙusar da Na Saka wa Makanar Abokina

Shekarun baya can, gemuna bai fara furfura ba, na dawo gida Gadarif daga yawon neman abinci. Na yi aiki a ɗakin injin manyan jirage a Bur Sudan, na yi a Jidda, na leƙa Masawa. Na dawo da Larabci iri uku da ɗan Turanci, da girman kai wanda ya fi su duka nauyi.

Da damina ta kankama sai na tafi Mafaza wajen wani abokina na ƙuruciya. In kogin Rahad ya cika, shi ke ƙetarar da mutanen ƙauyukan hayi, masu cin kasuwa da masu kai mara lafiya. Kwale-kwale gare shi da wata tsohuwar makana, wato injin tuƙi, da ake ratayawa a bayansa. A duk mashigin nan ita kaɗai ce.

Ranar farko da na shiga, muna tsakiyar ruwa sai makana ta yi kuka, farfela ta daina juyawa. Ko a jikinsa. Ya ɗaga ta, ya cire wata karyayyiyar ƙusar tagulla da ke riƙe farfela, ya laluba aljihun jallabiya ya sa sabuwa, muka wuce. Kafin la'asar ya ƙara yin haka sau biyu.

Na ce, "Ya zol, kai mutumina, wannan wace irin wahala ce? A Jidda wanda ya sa tagulla a nan, korarsa za a yi."

Ya yi dariya. "Usɗa, babban makaniki, tekun Jidda na janyo itatuwa ne?"

"Ƙarfe ƙarfe ne ko'ina."

"Mutumin da ya sayar min da ita ya ce kada in sa komai sai tagulla."

"Don ka riƙa komawa wajensa ne!"

Na hau lori zuwa Gadarif, na sami maƙeri a layin masu gyaran taraktocin Gadambaliya, ya yanko min ƙusa daga ƙarfen tarakta. Da na kawo, abokina ya daɗe yana jujjuya ta a tafinsa. Can ya ce, "To, kai ka ga duniya." Da hannuna na saka ta.

Kwana huɗu ba ta karye ba, ba kuma wanda ya sha shayi a bakin kogi bai ji labari daga bakina ba. Rana ta biyar da hantsi, jirgi cike da mutane, farfela ta daki kututture a ƙarƙashin ruwa. Muka ji ƙara kamar ana daka tsakuwa a turmi, sai shiru. Ruwa ya ja mu, mata na salati, da ƙyar muka kama gaɓa da filafili can nesa da mashigi.

Abokina ya buɗe ƙasan makana. Haƙoran ƙarfen da ke juya farfela sun zube kamar tsaba, ƙusata kuwa ko lanƙwasa ba ta yi ba. A nan na gane da gangan aka yi ta tagullar da laushi, don ta karye a madadin makana. A manyan jiragen da na sani ban taɓa ganin abin da aikinsa karyewa ne ba.

Wani dattijo cikin fasinja ya taso masa. "Kai dai ba ka kula da kayanka! Ga usɗa tun daga Jidda ya kasa ceto ta. Da ka hallaka mu fa?"

Abokina ya dube ni. Na duƙa ina wanke laka a ƙafata. Ya dunƙule ƙusar a hannunsa ya ce, "Ma'alesh ya hajj, yi haƙuri, laifina ne."

Ba a samu kayan gyara ba har ruwa ya janye. Duk sauran daminar da filafili ya riƙa tuƙi, ƙetarawa biyu a yini in an yi sa'a, mutane na jira a rana suna kiransa mai sakaci. Ni kuwa kwana biyu na ƙara, na ce ana nemana a Gadarif, na tafi.

Daga baya na same shi mu biyu na roƙi gafara. Ya ce, "Halas, ya wuce," ya zuba min shayi. Sai dai a gaban jama'a aka ci mutuncinsa, ni kuma a cikin ɗaki na amsa laifi. Shi ya rasu, yawancin waɗanda ke cikin jirgin ma haka. In akwai ɗan Mafaza da ya ji labarin nan daga iyayensa, ya gyara shi: mutumin nan bai taɓa sakaci da makanarsa ba. Ni na kashe ta.