Malam Rasaki Olanipekun, Wanda Aka Sauya Wa Hannun Dama

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ranka a garin Epe, Baba Rasaki, bayan jinyar hawan jini. Ni ce Modinat, wadda ta daɗe tana karanta rubutunka a finafinan wayar da kai, kuma da ɓacin rai nake wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

Kowa ya san yadda kake aiki. Ka ninke takarda biyu, ka danne da farce. Hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji, kowane layi daura da ɗan'uwansa. Kwamfuta ta zo, ka ce ta jira. Ka sha gaya mana kada kunne ya ƙaryata ido. Ranar da na fara aiki ina ta zuba karatu ba numfashi, ka ce, "'Yata, mota za ki kama ne?" Ka nuna mini inda ka bar dama fayau: "Nan ki rufe bakinki. Shi ma aiki ne." Sannan ka saya mini amala don na huce.

Aikinka na ƙarshe fim ne kan mata masu bandar kifi a bakin ruwa. Ba su yarda da kyamara ba sai da ka zauna cikin hayaƙinsu, ka ci abincinsu, ka rantse wa shugabarsu, Iya Sabitiu, cewa abin da ta faɗa shi duniya za ta ji. Ta nuna ruwan da ya koma laka, ta ce tun da aka fara haƙar yashi kifi ya yi ƙaura. Haka ka rubuta.

Ashe masu haƙar yashin sun riga mu ganin maigidan kamfaninmu, mutumin da kai ka koya wa riƙe kyamara. Aka ce mini an ɗaga ranar ɗaukar murya. Sai a talabijin muka gani: ga Iya Sabitiu tana nuna ruwa, an kashe muryarta, wani saurayi yana cewa ruwan nan ya kawo wa mata arziki. Ba su taɓa hagu ba ko layi ɗaya, dama suka sauya, suka kuma bar sunanka a ƙarshe.

Ka je ka yi wa matan bayani, suka juya maka baya. Tun daga ranar ban sake ganin ka ninke takarda ba. Ranar addu'ar kwana takwas da rasuwarka babu ko ɗaya daga cikinsu, amma maigida ya zo da babbar riga, har da hawaye, yana neman in karanta yabonka a bidiyon tunawa.

Maimakon haka, bakin ruwa na tafi da rubutunka na asali, na karanta wa Iya Sabitiu ɓangaren dama. Ta daɗe tana juya kifi a kan ragar banda. Can ta ce, "Wannan maganata ce, 'yar nan. Ashe da gaske yake." Ta share ido, ta ce hayaƙi ne. Washegari ta kai wa matarka kwandon kifi da kanta. An wanke sunanka, Baba, amma ba ka ji ba, kuma wannan ne ke ci mini rai.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka littafinka a hannun dama. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Alhaja Risikat da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙuri. Waɗanda suka ci amanarka kuwa, mun ga abin da suka yi, mun bar musu ɓangaren dama a buɗe. Allah ne zai cika shi.